Kada Ki Ɗaga Yatsa

Wayar ta fara kuka a ƙugun Dada Jebba daidai lokacin da ludayinta ke cikin ƙwaryar kindirmo. Ba ta yi gaggawa ba. Sai da ta gama zuba wa ɗan dakon da ke tsugune gabanta dakkerensa na gero, ta kwarara masa nono a kai, sannan ta goge hannu ta kwance ƙullin zanen da take ɗaure wayar a ciki. Abu ɗaya ta iya da ita, shi ne jan koren maɓallin nan idan an kira. Ko shi ma sai ta ja ta sake ja, don wankin ƙore da ruwan sanyi ya farfasa mata yatsu, gilashin kuwa ba ya son yatsa mai kaushi.

Dijatu ce, surukarta, daga Duwala.

"Dada, kina kasuwa?"

"Ina zan kasance? Yara lafiya?"

"Yara lafiya lau." Ana jin hayaniyar mutane a bayan Dijatu. "Dada, babansu ne. Mota ta buge babur ɗin da ya hau zuwa wurin aiki. Muƙamuƙinsa ya karye, ba ya iya magana. Likita ya ce jini ya taru a kansa, za a shiga da shi ɗakin aiki bayan la'asar."

Ɗan dakon ya ɗago kai yana kallonta. Dada Jebba ta gyara zaman faifai a kan ƙwarya.

"Allah ya sauwaƙe," ta ce, da irin muryar da ake jajanta wa maƙwabci idan akuyarsa ta ɓata.

"Yana ji, Dada, hankalinsa na nan. Na tambaye shi wa yake so ya ji, ina kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kanki sai ya matse mini hannu. Ɗakin da yake babu sabis, kira ba ya shiga. Ki yi mini saƙon murya a Wasap, in karɓa a waje, in shiga in kara masa a kunne. Sau ɗaya za a bar ni in gan shi kafin a tura shi. Don Allah, Dada. Ko kalma biyu."

"Na ji."

"Kin san yadda ake yi?"

"Na ce na ji."

Ba ta sani ba. Kuma ba nan kaɗai gizo ke saƙar ba, akwai abin da ya fi rashin sanin nauyi.

Hayatu, mijin Dijatu, ɗanta ne na fari. Ranar da aka yaye shi aka miƙa shi gidan kakarsa ta wajen uba a unguwar Tongo, kamar yadda aka yi wa ita Jebba, kamar yadda aka yi wa uwarta. Tun daga ranar suna bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Yana yaro takan ce "na gidan tsohuwa". Da ya girma ya tafi kudu sai ya koma "mutumin Duwala". Idan ya kira waya takan amsa gaisuwa a taƙaice ta ce a ba ta jikokinta. 'Yan yanzu za su ce rashin so ne. Ba su san kome ba. A wajen su Dada Jebba, matar da ta nuna ɗan fari a fuska ta zubar da mutuncinta da na gidan da ta fito, kuma ita ta kai furfura ba a taɓa kama ta da wannan ba.

Ta rufe ƙorenta, ta roƙi maƙwabciyarta mai kifi ta sa mata ido, ta kama hanyar babban masallaci. Maganar gida ce, sai ɗan gida.

Bappa Sali, ƙanin mijinta marigayi, yana zaune a rumfar wani tela tare da tsofaffin da suka yi aikin jirgin ƙasa tare. Tabarau a kan hanci, waya babba a hannu, yana karanta musu labaran duniya da Faransanci yana fassarawa.

"Ga matata nan!" ya ce da ya hango ta, don bakinsa ya saba. Sai ya tuna, murmushin ya janye. Ya taso ya same ta a gefen rumfar. "Dijatu ta kira ni tun ɗazu. Jirgin ƙasa na yamma zan bi."

"Allah ya kai ka lafiya." Ta miƙa masa wayar ba ta dube shi ba. "Yarinyar nan ta ce wai a aika mata murya."

"Murya?" Ya tura tabarau sama. "Wannan ai na 'yan acaba ne da masu tallan tumatir. Kawo in rubuta mata abu mai ma'ana da sunanki."

"Murya ta ce."

"To, shi ke nan." Ya latsa nan ya latsa can da sauri kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ya kai wayar saitin bakinta. "Na danna. Yi magana."

Tsofaffin rumfar duk sun zubo mata ido, keken tela ma ya tsaya. Dada Jebba ta dubi ƙasa. Akwai wani tsinken ashana kusa da takalminta, shi ta tsura wa ido har Bappa Sali ya gaji ya soke abin.

"Kin yi daidai," ya ce, ya juya wajen abokansa yana gyaɗa kai. "Kun ga matan da. Yaran nan sun zauna a kudu sun manta ko su waye, har a ce uwa ta yi wa ɗan fari magana a kunne kamar 'yar wasan kwaikwayo. Bari ni in yi a madadinki."

Ya ɗauki tasa wayar, ya gyara murya, ya yi doguwar addu'a, ya ce dangi duka suna gaisuwa, mahaifiya ma tana gaisuwa. Tsofaffi suka shafa.

"An gama. Je ki gida ki yi ta addu'a. Akwai saƙo in na isa?"

Kalmar tana bakinta: koya mini. Amma idan ta faɗa, ta gaya masa ke nan cewa tana da abin da take so ta faɗa wa yaron, kuma kafin magariba duk Tongo ta ji.

"A gaishe da yara," ta ce.

Hadari ya haɗo ta gabas lokacin da ta dawo wurin tallarta a bakin tasha. Barnadet mai kifi tana tsaye a gaban tebur ɗinta tana ɗaukar hoton bandar da aka kawo mata daga Tibati, tana tura wa masu gidajen abinci. 'Yar ƙabilar Baya ce, mai zuwa coci, ba ta shiga aji ko ɗaya fiye da Jebba ba, amma wayarta ba ta hutawa. Da ita take ciniki, da ita take faɗa da direbobi, da ita take kiran babban ɗanta da ke karatu a Yawunde ta yi ta kwarara masa kirari a tsakiyar kasuwa har da sumbatar gilashi. Shekara da shekaru suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma shekara da shekaru Barnadet na kiran ta Maman Hayatu, ita kuwa ba ta taɓa amsawa ba.

"Maman Hayatu, kin bar ni da ƙudajenki. Ina kika shiga?"

"Ƙudajen kifinki ne, nawa nonon a rufe yake." Ta zauna a kan kujerarta. Ta buɗe faifai ta rufe. Can ta ce, ba da ƙarfi ba, "Barnadet. Abin nan da kike yi, ki yi magana a waya ita kuma ta kai. Yaya ake yin sa?"

Barnadet ta kwashe da dariya. "Yau kuma? Kin yi saurayi ne, tsohuwa? Ko mai naman can ne da ke ta zagaye?"

Jebba ba ta rama ba. Barnadet ta dube ta da kyau, ta ajiye wayarta a kan kifi.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Mutumin Duwala ne. Za a buɗe masa kai bayan la'asar."

"Wayyo Allah! Hayatu? Kuma kina nan zaune kina..." Ta kama bakinta. Ta zauna da Fulani ta san halinsu, ko da ba ta taɓa yarda da shi ba. "Kawo wayar. Ni zan danna, ke ki yi magana. Zan toshe kunne."

"Da wane hannun za ki toshe? Koya mini kawai."

Barnadet ta jawo kujerarta kusa. Ta sa lambarta a wayar Jebba, ta nuna mata wani ɗan kore a kusurwar ƙasa, mai hoton abin da ladan ke riƙewa.

"Kin ga wannan? Ki ɗora yatsa ki danne. Muddin yatsanki na kai, tana ji. Kina ɗagawa, ta rufe kunne, abin da ta ji ya tafi. Gwada. Ni za ki aika wa."

Jebba ta ɗora manuniya. Babu abin da ya motsa.

"Kai, wannan yatsa ne ko itacen girki? Kawo babban." Barnadet ta lakato man da ke jikin banda ta goga mata a babban yatsa.

"Kin shafa mini ƙarni."

"Ƙarnin ne zai yi miki aiki. Danna. Ya kama! Yi magana mana."

"Me zan ce?"

"Duk abin da ya zo bakinki."

"Kifin Barnadet ya kwana uku."

"Ɗaga."

Wayar Barnadet ta yi ƙara a kan tebur, ta taɓa, sai ga muryar Jebba tana ɓata mata haja a gaban masu saye. Mai naman da ke tsallaken hanya ya yi shewa. Suka sake gwadawa, suka sake, har yatsan ya gane wurin da kansa. Daga nan Barnadet ta buɗe mata wajen Dijatu, ta nuna mata ɗan hotonta a sama.

"Ga surukarki nan. Kada ki taɓa kome sai koren. In fuskar ta yi duhu, matsa wannan na gefe. Kuma kada ki ɗaga yatsa sai kin gama. Kin ji ni? Ko gobara ta tashi, kada ki ɗaga." Ta tura ta da kafaɗa. "Je ki. Zan sayar miki da sauran nonon, in sha rabi."

An fara yayyafi. Dada Jebba ta bi gefen titi da wayar shimfiɗe a tafin hannu ƙarƙashin mayafi, kamar mai ɗauko garwashi daga maƙwabta. 'Yan acaba na yi mata oda ba ta hau ba, don kada girgiza ta rufe wajen Dijatu. Kowa ta wuce da waya a hannunsa. 'Yan makaranta a bakin shago sun haɗa kai suna dariya a kan guda ɗaya, wani mai gadi yana kallon ƙwallo, wata mace mai goyo tana zazzaga wa wani masifa da yatsa a kan kore, ko kallon gilashin ba ta yi. Duk garin Ngaundere ya iya abin nan kamar shan ruwa, ita kaɗai ce take tafe da shi tana tsoron ya zube.

Gidan babu kowa. 'Yarta Jaili, wadda ta koya mata amsa kira, ta yi aure a Garwa, 'yan hayar ɗakin waje kuwa ba su dawo daga aiki ba. Duk da haka ta leƙa bayan gida, ta leƙa madafa. Ta shiga ɗaki ta saki labule, ta zauna a bakin gado. Ruwa ya sauko sosai a kan kwano. Ta ji daɗin haka, ko wani ya laɓe ba zai ji ba.

Ta matsa na gefe, fuskar ta yi haske, ga Dijatu a sama tana murmushi. Ta ɗora babban yatsa a kan kore. Ya kama.

Ta yi niyyar farawa da gaisuwa, sai ta tuna mutumin da ke kwance da kumburarren kai ba zai san da wa ake ba idan ba a kira shi ba. Muryoyi da yawa sun shiga kunnensa yau.

"Hayatu."

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Kunya ta rufe ta a ɗakin da ba kowa, hannunta na dama ya tafi da kansa ya jawo bakin mayafi ya toshe bakinta, yadda ya saba yi tun tana amarya. Ta runtse ido. Sannan ta mai da yatsan kan gilashi, ta danne da ƙarfi, ba ta buɗe idon ba, don ta san in ta buɗe ba za ta iya ba.

Ta yi magana. Ta gaya masa cewa da aka kai shi Tongo nono ya cika mata ƙirji har zazzaɓi ya kama ta, ta ce wa mutane ciwon kai ne. Ta gaya masa rariyar da take zuwa ara gidan tsohuwa kullum, tana da irinta biyu a rataye. Ranar da ƙyanda ta kwantar da shi, ita ce a bayan zana har aka yi kiran sallar asuba, tsohuwa ta gan ta, ta yi kamar ba ta gani ba. Ranar da aka zo da labarin ya ci jarrabawa tana daka ne, ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da daka har geron da aka so a surfa ya koma gari. Wayar nan ma da ya aiko, ta ce wa ɗan aiken me za ta yi da ita, amma a ƙarƙashin matashinta take kwana.

"Ba a yin haka," ta ce. "Ni zan riga ka. Kai za ka sa ni a rami, kai za ka yi mini addu'a. Ka ji ko? Ka tashi."

Ta yi masa addu'o'in da ta iya. Yatsan ya yi tsami, ba ta ɗaga ba sai da ta rasa abin cewa. Sannan ta ɗaga, ta kife wayar a kan gado. Jikinta ya yi sakayau kamar wadda ta sauke itace daga daji.

Ta yi alwala da ruwan indararo, ta yi la'asar. Tana kan tabarma wayar ta yi kuka.

"Dada, sun shiga da shi." Muryar Dijatu ta dushe. "Saƙonki ya iso a kan lokaci. Na sa masa."

"Ya ji?"

"Ya ji. Yana ji sai hawaye ta gefen ido. Ya yi ta matsa mini hannu in sake, in sake, har ma'aikaciyar jinya ta ce in fita." Ta ja hanci. "Na ɗauka ma wani zai biyo baya, na tsaya a waje ina jira. Da yake gajere ne."

"Gajere?"

"Sunansa kawai. Kin kira shi, sai aka ji kamar motsin zane, shi ke nan ya yanke."

Dada Jebba ta dubi babban yatsanta. Har yanzu akwai shatin dannawa a jikinsa, da ɗan ƙarnin kifi. Ta dubi bakin mayafin da ke kafaɗarta.

"Bayan wannan babu kome?"

"Babu, Dada. Akwai abin da kika ƙara ne? Wataƙila hannunki ya goce. Ki sake yi, in Allah ya sa ya farfaɗo sai in sa masa."

Ruwan ya tsagaita, ana jin ɗigarsa a cikin bokiti. Ta lalubi maganganun nan a cikinta, ta tarar ba sa nan. Sun fita, bango ya sha su.

"A'a," ta ce. "Abin da na ce ke nan."

"To, Dada."

"Ke ma kin ji?"

"Na ji."

"To, ya tsaya a kunnenki. Bappanku na hanya. In an fito da shi ki kira ni, ko wane lokaci ne."

Kiran ya yanke. Fuskar wayar ta koma wajen Dijatu, kuma a ƙasan hoton akwai wani ɗan layi da ba ya nan ɗazu. Jebba ta ɗauka datti ne, ta sa yatsa za ta share.

"Hayatu," in ji wayar.

Ta zabura ta dubi ƙofa. Muryar wata tsohuwa ce, a shaƙe, tana kiran ɗanta a ɗakin da ba mai amsawa. Ba ta san wayar na ajiye abin da aka aika ba, Barnadet ba ta gaya mata wannan ba.

A waje ta ji 'yan haya sun dawo, suna karkaɗe laima suna gardama. Ta jira har suka shige ɗakinsu. Sannan ta tashi ta tura ƙofa, ta sa sakata, ta dawo kan tabarma. Ta kara wayar a kunne yadda aka kara masa, ta nemi ɗan layin da babban yatsa.